ZAUREN ƳAN KASUWA: Kasuwa da ranarta, talla da lokacinsa

Duk wanda ya ratsa ta wurin telolin Maraɗi cikin goman ƙarshe na watan azumi ya san babu mai sukunin amsa sallama da kyau, balle a yi zancen ɗaukar hoto. Kekuna suna kuka tun bayan asham har lokacin sahur, yaran shago suna gyangyaɗi bisa tarin shadda da atamfa, maigidan kuwa almakashi a hannu, idanu sun yi jajir, ga mata sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa, kowace tana tuna masa alkawarin da ya ɗaukar mata. Salularsa tana can bisa kanta a kife, hoton ƙarshe da ya sa don tallan aikinsa ya yi sati uku ko fiye. Idan Salla ta wuce da kwana goma, shago ya yi tsit, aljihu ya fara sauƙi, sai a ga ya tuna da talho: yau ya zuba hotuna talatin, gobe ashirin, jibi biyar, sa'an nan kuma shiru, har sai buƙata ta sake motsawa.

Ba teloli kaɗai ke da wannan hali ba. Mai kilishi, da mai turaren wuta, da mai gyaran salula, da matar da ke soya alkaki cikin gida a Damagaram, kusan duka haka suke tun da talla ya koma cikin waya. Suna kiran masu saye a lokacin da babu kuɗi a gari, suna yin shiru a lokacin da kuɗi ke hannun mutane. Kuma ba lalaci ba ne ya kawo haka, don kuwa waɗannan bayin Allah sun fi kowa tashi da wuri. Abin da ya kawo shi ne mutum ɗaya ne mai saro kaya, shi ne mai aiki, shi ne mai karɓar kuɗi, shi ne mai bin bashi, sa'an nan aka ƙara masa aiki na biyar, wato ya zama sanƙiran kansa.

Alhali kuwa talla ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma waɗanda suka riƙe shi tun da can sun san asirinsa. Yarinyar da ke ɗauko koko da ƙosai ba ta fi sauran murya ba, amma unguwa ta san bayan sallar asuba da kaɗan za a ji ta, saboda haka ake ajiye mata dala ashirin tun da dare. Ranar da ta yi fashi za a ce ko ba ta da lafiya. In ta yi fashin kwana uku, an koma wurin wata, kuma dawo da gidajen nan sai ta sha wuya. Dillaliyar da ke shiga gidajen matan kulle da ƙunshin zannuwa ita ma ranarta sananniya ce. Kasuwannin kansu a kan wannan ƙa'ida suka tsayu: babbar kasuwar Maraɗi Litinin da Juma'a, ta Damagaram Alhamis, ta Tawa Lahadi, ta Ƙonni Laraba. Babu wanda ke yin shela don a zo, amma mai jaki yana baro ƙauyensu tun duhu bai yaye ba, don ya tabbata zai tarar da mutane. Da kasuwar Alhamis za ta ci sati biyu a jere ta huta uku, da tuni ciyawa ta tsiro a rumfunanta.

Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara buɗewa cikin shekarun 1990, sai ƙaramin ɗan kasuwa ya samu wata ƙofa, amma ƙofa ce ta kuɗi, sai mai hali ke maimaita sanarwa. Salula ce ta sauke farashin har ƙasa. A shekarar 2017 WhatsApp ya fito da fagen nan da ake kira Statut, inda mutum zai sa hoto ko ɗan bidiyo, duk wanda ya ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye tasa, ya gani. Sai dai abin yana da sharaɗi guda wanda ya kamata kowane mai shago ya riƙe: bayan awa 24 ya ɓace. Wato tamkar rumfa ce da ake rushewa kowane dare. Wanda bai sa komai ba yau, ga masu duba waya, bai fito kasuwa ba ke nan. Facebook kuwa ba ya goge abin da aka sa, amma shi ke zaɓen abin da zai nuna wa mutane, kuma shafin da ya daɗe shiru har jama'a suka daina leƙa shi yakan koma can baya, ko da mai shi ya dawo da zafinsa.

Inda abin ya fi nauyi shi ne cinikin nesa. A yau mace tana zaune a Arlit ko Agadas za ta ga ɗinkin wani tela na Maraɗi, ta aiko da awonta ta saƙon murya, ta tura rabin kuɗi ta Nita ko Amana, bayan sati biyu kaya su hau motar Rimbo ko ta wani kamfani su iske ta. Ba ta taɓa ganin shagon ba, ba ta san ubansa ba, ba ta san limamin unguwarsu ba. Labarin waɗanda suka karɓi kuɗin mutane suka kashe waya kuwa ba ya buƙatar a ba ta, ta sha jin sa. Shaidarta guda cewa mutumin nan yana nan, yana aiki, bai gudu ba, ita ce ganin aikinsa yana fitowa a kai a kai. In ya yi shiru sati uku da kuɗinta a hannunsa, shi yana can yana fama da keke, ita kuwa ta fara ƙirga hasara, kuma ko kayan sun iso lafiya, da wuya ta sake turo ƙawarta.

To, mene ne abin yi ga mutumin da ba shi da lokacin cin abinci a zaune? Masu ba da shawara cikin intanet sukan ce a sa abu sau uku a yini, a kowane dandali, Facebook da TikTok da Instagram da sauransu. Wannan shawara ce ta kamfanonin da ke da ma'aikacin da ba ya komai sai wannan, ana biyan shi albashi. Mai shago guda da ya ɗauke ta zai yi kwana goma yana ƙoƙari, kuɗin intanet su cinye masa dala ɗari nan, jikka can, ya gaji, ya watsar gaba ɗaya, ya kuma yanke cewa tallan waya ƙarya ne. Kuskuren yana wurin awo. Mutane suna auna abin da za su iya da satin da suka fi samun hutu, alhali da satin da ya fi kowane tsanani ya kamata a auna. In abin da tela zai iya riƙewa har cikin goman ƙarshe na azumi sau biyu ne a sati, to sau biyu ne ma'auninsa duk shekara, kuma a wuri ɗaya, inda masu sayensa suke. Taura biyu ba ta taunuwa. Sau biyu a sati da ba ya yankewa ya haura sau 100 a shekara, kuma mutane za su san ranakun kamar yadda suka san ranar kasuwa.

Sa'an nan sai a raba aikin gida biyu, domin abin da ke cin lokaci ba sakawar ba ce, shiri ne. Saka hoton da ke ajiye ba ya wuce minti ɗaya. Neman abin da za a ɗauka, da share wuri, da jiran haske, da tunanin abin da za a faɗa, su ne ke sa mutum ya ce sai gobe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace sana'a tana da lokacin da take lafawa: ga mai shagon da ke kusa da kasuwar Maraɗi, Talata ko Asabar da hantsi, ga mai abinci, tsakanin azahar da la'asar. Awa ɗaya a irin wannan lokaci ta isa a ɗauki hotunan sati biyu, a bakin ƙofa inda hasken safiya ke shigowa, ba cikin duhun shago ba, a ajiye su wuri guda cikin waya. Wanda ke da shafin kasuwanci a Facebook yana ma iya tsara ranar da kowane zai fito da kansa. Tela mai dabara kuwa yakan mai da abin al'ada: riga ba ta shiga leda sai an ɗauke ta hoto, kamar yadda ba ta shiga sai an yi mata guga.

A nan akwai wata ƴar magana ta ladabi da ake yawan mantawa. Kayan da aka ɗinka na mai shi ne, ba na tela ba. Matar da ta biya kuɗi mai yawa don ta fito da sabon yayi ranar Salla ko ranar bikin ƙanwarta ba za ta gode ba in ta tarar rabin gari sun riga sun gani a waya, har kishiyarta ta kai irinsa wani shago. Sai a nemi izini, a kuma jinkirta har ranar ta wuce. Fuskar matar aure kuwa, ko ta ƴar mutane, ba kayan talla ba ce ko da an ga kamar ba za ta damu ba.

Saura kuma abin da za a riƙa faɗa, don mutum yakan ƙosa da kansa in kullum zancen ɗaya ne, ga kaya ga farashi. Wannan matsala an daɗe da samo maganinta. A shekarar 1900 kamfanin tayoyin Michelin na Faransa ya fara buga wani ɗan littafi yana raba wa direbobi kyauta, a lokacin da motocin ƙasar duka ba su kai 3000 ba. Littafin yana nuna hanyoyi, da inda za a samu mai, da makaniki, da wurin kwana, da yadda ake canza taya. Hikimar ita ce wanda ya ji daɗin tafiya zai yawaita ta, tayarsa ta cinye, ya kuma tuna da wanda ya taimake shi. Har yau littafin yana fitowa. Abin da Turawa suka mayar fanni mai suna ke nan, wato a ba mai saye wani abu mai amfani kafin a nemi kuɗinsa, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ya fi babban kamfani kayan yin sa, domin iliminsa yana hannunsa.

Mai kilishi ya nuna yadda ake shanya nama bayan an yanka shi falle-falle, da yadda ake tsoma shi cikin labu, da yadda ake gane na jiya da na wata guda. Mai albasar Galmi ya nuna yadda ake jera ta cikin rudu don kada ta ruɓe, da irin wadda ta fi jure ajiya. Tela ya faɗi yadda ake wanke shadda ba tare da ta rasa ƙyallinta ba, ko yawan yadin da babbar riga ke ci, don kada a cuci mutum a kanti. Mai gyaran babur ya gaya wa ƴan kabu-kabu alamar da ke nuna baƙin mai ya gaji. Ba sai an zauna ana ƙirƙira ba: tambayoyin da masu saye ke yi kullum a bakin shago, kowace ɗaya talla ce ta rana guda. Wanda ya riƙa rubuta su a bayan littafin bashi, ko ya riƙa naɗar su da murya cikin waya, cikin wata ɗaya zai tara abin da zai kai shi wata uku. Wasu suna tsoron kada su tona asirin sana'a. Tsoron ba shi da tushe sosai, don kallon minti ɗaya bai taɓa mai da kowa tela ba. Abin da mai kallo ke ɗauka shi ne mutumin nan ya san aikinsa.

Kuma a yi shi da baki, da Hausa. Fiye da rabin manyan ƙasar nan ba su karanta boko, waɗanda suka yi lakwal ma da yawansu sun fi sakewa da sauraro. Dogon rubutun Faransanci da aka kwafo daga shafin wani kanti na Abijan ba ya sayar da ƙuli-ƙuli a Tasawa. Tun shekarar 2023 ana iya sa murya zalla a Statut, kuma muryar mai shago da aka sani ta fi kowane ado.

Mai karatu zai ce, ai sai a miƙa wa yaro wayar, tun da su ne ƴan zamani. Gaskiya ne, kuma ga mafi yawan masu shago wannan ita ce mafita, amma da sharaɗi. Yaron da aka sakar wa lambar shago ba tare da an gindaya masa iyaka ba, ba a jimawa sai a ga tsakanin hotunan kaya ga waƙa, ga ƙwallo, ga habaici ga budurwa, wani lokaci har da zancen siyasa da zai kori rabin masu saye. Mafi muni shi ne ya kwaso hotunan kayan Dubai ko na Kantin Kwari ya sa kamar na shagon ne, don sun fi kyau a ido. Ranar da kaya suka isa hannun mai saye ya ga bambanci, sunan maigida ne ya ɓaci, ba na yaro ba. Saboda haka lambar ciniki daban, ta zumunci daban. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018 aka kuma ƙara mata wurin jera kaya da farashinsu a 2019, an yi ta ne don wannan, har tana iya ba da amsa da kanta cewa maigida yana aiki, zai kira bayan magariba. Yaro ya ɗauka, ya saka a ranakun da aka yanke, amma maigida ya gani kafin ya fita, farashi kuwa daga bakinsa kaɗai.

Akwai kuma kishiyar matsalar, wadda ita ma rashin awo ce. An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Mai zuba hoto arba'in a yini, da mai jefa mutane cikin rukunin talla ba da saninsu ba, da mai turo saƙo ɗaya sau biyar har tsakar dare, duka suna koya wa jama'a su rufe su, kuma wayar ta tanadi maɓallin yin haka ba tare da mai shi ya sani ba. Yana nan yana ta ƙoƙari, ashe da bango yake magana.

Duk shirin da aka yi, wata rana zai yanke, kuma ba kullum laifin mai shago ba ne. A watan Fabrairu na 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an rufe intanet ta salula kimanin kwana goma. Ranar 4 ga Oktoba na wannan shekarar, Facebook da WhatsApp da Instagram sun tsaya cik a duniya duka wajen awa 6. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har da layin Katsina da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram, aka yi watanni mutane suna yawon neman inda za su cika batir. Ga kuma ciwo, ga rasuwa, ga satar waya a tasha. Waɗanda suka fi saurin miƙewa bayan irin wannan su ne waɗanda suka kwafe lambobin masu sayensu cikin littafi na takarda, da waɗanda ba su tsaya jin kunyar dogon shirun da suka yi ba. Da yawa in sun yi fashin wata guda sai su ga kamar komai ya rushe, su ƙara wata biyu suna jiran ranar da za su dawo da shiri na musamman. Babu buƙata. Mai koko in ta warke ba ta yin jawabi, tulunta take ɗauka ta fito a lokacin da aka saba.

Littafin nan na takarda yana da wani amfani kuma. Duk baƙon da ya zo saye, a tambaye shi wa ya nuna masa shagon, a ja ɗan layi a shafin ƙarshe: na waya gefe guda, na bakin mutane gefe guda. Yawan waɗanda suka kalli hoto ba ya cika tukunya, kuma bayan wata uku layukan nan za su nuna ko muryar Laraba ce ke kawo mutane ko hoton Asabar, sai a rage wanda ba ya haihuwa.

Daga ƙarshe sai lissafin shekara, wanda shi ne ya fi kuɓuce wa masu aikin hannu. Mai saye yana yanke shawara tun kafin ranar buƙata da nisa. Uban yara yana tunanin kayan komawa lakwal na Oktoba tun cikin Satumba. Bukukuwan aure da ke yawaita bayan kaka ana shirinsu tun hatsi yana gona. Mai neman ragon layya yana fara leƙe tun bayan ƙaramar Salla. Saboda haka tallan ɗinkin Salla a watan Sha'aban ake yin sa, da farkon azumi, lokacin da tela yake da sauran numfashi kuma mata ba su riga sun kai yadinsu wani wuri ba. Wanda ya yi haka yana iya zaɓen aikin da zai karɓa, ya kuma daina ɗaukar alkawarin da ya san ba zai cika ba. In goman ƙarshe suka zo, abin da ya rage masa ya saka bai fi guda biyu ba, kuma yaron shago zai iya ɗaukar su yana tsaye: hoton kayan da aka gama an jera su da sunayen masu su a rufe, da muryar maigida ta daƙiƙa goma yana cewa an rufe karɓar ɗinki, sai bayan Salla da kwana bakwai, wanda ke so ya ajiye sunansa tun yanzu.